Murɗewar Hanji: Jinkiri Ya Fi Asibiti Tsada

Yau zancenmu a kan wani ciwo ne wanda kan faɗo wa gida ba sallama, da kuma abin da yakan ci wa mai katin inshorar lafiya da wanda ba shi da shi.

Da kakar bara wani dattijo maƙwabcinmu a nan Rara ya kwana da ciwon ciki. Gari na wayewa cikin ya kumbura kamar ganga, ba bayan gida, ko iska ba ta fita. Uwargidansa ta jiƙa masa kanwa, ta dafa filasko, aka kira wanzami. Ba rashin so ya hana su tafiya asibiti ba, tsoron kuɗi ne, don ba a riga an sayar da albasa ba. Sai a rana ta uku, da amai ya tsananta, aka ɗauki shatar mota zuwa Sakkwato. Likita ya ce hanji ne ya murɗe, har wani sashe ya mutu.

Ga yadda abin yake. Ƙarshen babban hanji, kusa da dubura, yana da lanƙwasa. Wani lokaci wannan lanƙwasa takan juya ta shaƙe kanta, kamar yadda ake murɗe bakin buhu. Iska da bayan gida su rasa mafita, jini kuma ya daina isa wurin. Ya fi kama dattawa maza da masu yawan fama da taurin bayan gida, amma yakan kama mai juna biyu ma.

In an je da wuri, sau da yawa ba sai an yanka ciki nan take ba. Bayan an ɗauki hoto an yi ƙarin ruwa, likita zai zura wani bututu mai fitila ta dubura, yana duban hanjin, har ya warware murɗewar. Iska ta fita, ciki ya saɓe, a bar wani siririn bututu kwana ɗaya zuwa uku. Irin wannan aiki sai manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Amma a kula, ciwon yakan dawo. Shi ya sa likitoci kan ba da shawarar a yi tiyata a natse bayan majiyyaci ya sami ƙarfi, a cire lanƙwasar.

In kuwa hanji ya mutu, bututu ba ya amfani. Sai tiyatar gaggawa, da neman jini, da doguwar jinya. Maƙwabcin namu sai da aka huda masa ciki aka liƙa jakar bayan gida, ya yi watanni da ita kafin a sake wani aikin a mayar da hanjin. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma bijimin noma ya tafi, tumakin uwargida sun tafi, har kuɗin da aka ajiye na makarantar 'yar autarsu.

Mijin wata abokiyar aikina, ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, shi ma ciwon ya taɓa kama shi. Da yake yana da kati, ba su tsaya lissafi ba, a ranar suka tafi, bututu kuwa ya wadatar. Abin da ya fita daga aljihunsu shi ne kuɗin mota, da abinci, da kasonsu na magani, da wani magani da suka saya a waje don babu shi a ɗakin magani.

Bambancin ke nan. Marar kati shi ke biyan kome: katin ganin likita, hoto, gwajin jini, ruwa, gado, aikin kansa. Haka akasarinmu muke, don fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mutane yake fita. Shirin inshorar lafiya na ƙasa an yi dokarsa a 1999, ya fara aiki a 2005. A tsarin ma'aikata, kati kan ɗauki ma'aikaci da matar aure ɗaya da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18, ana kuma biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Mai kishiya sai ta tambayi maigida ko sunan wa aka rubuta. A 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa. Jiharmu ma tana da tata hukumar, SOCHEMA, kuma akwai asusun da dokar lafiya ta 2014 ta kafa domin marasa ƙarfi.

Wannan doka ta 2014 ta kuma hana asibiti ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa. Saboda haka rashin kuɗi a hannu kada ya zaunar da ku gida.

To, mene ne namu? Mu ne ke fara ganin kwanon tuwo ya dawo ba a taɓa ba. In ciki ya kumbura, ba bayan gida ba iska, ga murɗa ko amai, kada a ba da maganin wankin ciki, kada a ba da abinci ko kunu. A nufi babban asibiti mafi kusa, Rabah ko Wurno ko Goronyo, tun da sauran rana, a karɓi takardar turawa gaba in ta kama.

Tun ana lafiya kuma, ki je asibitin mazaɓarku ki tambayi yadda ake rajista da abin da katin ya ƙunsa, domin ba ya fara aiki ranar da aka rubuta suna. Cikin adashinku ku ware wani abu na mota da jinya. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan shafi da dare.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya kiyashe mu da zuri'armu, amin.