Littafin da Jariri Zai Iya Taunawa

Ka shiga shagon littattafai a Sabon Gari ta Kano, ko ka tsaya gaban masu baza na gwanjo a bakin titi, ka ce kana neman littafin ɗan wata takwas. Da farko mai shago zai ɗauka bai ji da kyau ba. In ka nanata, sai ya zaro maka wani ɗan siririn littafin A B C D mai takarda shara-shara, da hoton tuffa a shafin farko da jakin dawa a na ƙarshe. Ba laifinsa ba ne. A wajen yawancinmu littafi kayan makaranta ne, ana sayensa tare da jaka da takalmi, kuma yaron da bai iya cewa "Umma" ba me zai yi da shi?

Amsar ita ce ba karatu zai yi da shi ba. Littafin jariri dalilin zama ne a cinyar babba, ana nuna masa abu ana faɗin sunansa, shi yana gwarancinsa ana amsa masa. Daga irin wannan hirar yaro ke tara kalmomin da zai yi magana da su gobe. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito a 2014 ta shawarci iyaye su fara karanta wa 'ya'yansu tun daga haihuwa. Kafin nan ma, tun 1989 wasu likitoci a wani asibitin Boston suka fara miƙa wa iyaye littafi idan sun kawo yaro awo, sannan a Ingila shirin Bookstart ya fara rabon littattafai ga jarirai a Birmingham a 1992. Da zarar mai saye ya gane cewa hira ake nema, tambayarsa a shago za ta sauya. Zai daina tambayar abin da littafin ke koyarwa, ya koma duba ko hannun yaron zai iya riƙe shi, ko idonsa zai gane abin da ke ciki, da kuma ko uwar za ta samu abin cewa a kansa.

Jinjiri sabon haihuwa ba ya gani da nisa. Abin da ya fi gani sosai shi ne wanda ke tazarar santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, wato kimanin nisan fuskar uwa idan tana ba shi nono. Launuka masu kama da juna ba su rabe masa ba tukuna, sai wajen wata biyar ganin launinsa ke kankama. Don haka a watannin farko zane mai baƙi da fari, manya-manya, ya fi masa littafin da aka cika da ruwan hoda da shuɗi mai haske. Sai kuma fuska. Jarirai na son kallon fuskar mutum fiye da komai, shi ya sa littafin da ba kome a cikinsa sai fuskokin yara, wannan na dariya, wancan na kuka, wani na hamma, yakan riƙe su fiye da yadda babba zai zata.

Daga wata biyar ko shida labari ya koma baki. Duk abin da hannu ya kama, baki zai kai shi, musamman idan haƙori ya fara ƙaiƙayi. A nan ne littafi mai shafukan kwali ke da ranarsa: kowane shafi kauri gare shi, dalala ba ta narkar da shi nan take, kuma yatsun da ba su iya tsinken takarda ba suna iya tura shi ya buɗe. Akwai kuma na yadi, wanda ake wankewa tare da kayan yaro a shanya. Uwar da ta ga ɗanta na tauna gefen littafi kada ta ce an yi asarar kuɗi. A waɗannan watannin haka ake karanta shi.

Tunda baki zai shiga, a duba shi kamar yadda ake duba kwanon da za a zuba wa yaro kunu. Ka shafa yatsa a kusurwoyinsa, ka ji ko an zagaye su ko suna da tsini. Ka sa farce a gefen shafi ka ɗan ɓanɓara: idan ledar da aka lulluɓe shi da ita ta fara tashi, yaro zai ƙarasa ta ya haɗiye. Ka buɗe tsakiya ka ga ko da 'yan ƙarafa aka ɗinke shi, domin waɗannan kan miƙe su soki yatsa ko leɓe. Ka sunsuna, littafin da ke warin fenti ko na ruma a bar wa mai shi. Idanun roba da aka manna wa hoton mage, da ƙananan duwatsun ado, da zare mai tsawo, duk a ja su a gani ko za su fita. Na gwanjo yakan fi sabo inganci da araha, amma sai an goge shi da tsumma mai ɗan danshi da sabulu, an bar shi ya sha iska, an kuma tabbatar ba a riga an tauna shi har kwalin ya yi laushi ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne littafi mai kuka, wanda ake danna maɓalli ya yi kukan saniya ko ya rera waƙa. A cikinsa akwai ɗan batir mai faɗin kwabo, irin na agogon hannu. Idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, likitoci sun yi gargaɗin cewa cikin awa biyu kacal yana iya ƙona hanyar abinci, ƙunar da kan kai ga rasa rai. Idan murfin batirin ba da noti aka ɗaure shi ba, kada littafin ya kwana a gidan da ke da mai rarrafe. Ko ba don haɗarin ba ma, littafin da ke magana da kansa yana sa babba ya yi shiru, alhali muryar babban ake nema.

Sai maganar hoto, wadda a ganina ita aka fi yin kuskure a kanta. Mu manya muna ɗauka kowa ya san hoto hoto ne. Jariri sai ya koya. Judy DeLoache da abokan aikinta sun wallafa wani bincike a 1998 inda suka ajiye hotuna gaban 'yan wata tara, sai ga yaran suna ƙoƙarin cafko abin da ke cikin hoton daga kan takarda, suna shafa shi, suna ƙwaƙule shi. Sun ga haka a Amurka, sun kuma ga irinsa a wajen jariran ƙabilar Beng a karkarar ƙasar Kwaddibuwa, inda hotuna ba su da yawa. Sai wajen shekara ɗaya da rabi yaro ke daina cafka ya koma nuni da yatsa yana neman a faɗa masa suna. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙananan yara sun fi danganta hoto da ainihin abin idan hoton ya yi kama da shi sosai. Akuyar da aka ɗauka da kyamara, ko aka zana ta yadda Allah ya halicce ta, ta fi wa ɗan wata goma sha biyar amfani a kan akuyar katun mai sanye da tabarau tana tuƙa mota. An kuma gano cewa littattafan da hoto ke zabura idan an buɗe, ko masu 'yan ƙofofi da ake ɗagawa, sukan ɗauke hankalin yaro daga abin da ake nuna masa. Ba haramun ba ne, wasa ne mai daɗi, amma su suka fi tsada kuma su suka fi saurin yagewa.

Abu ɗaya a shafi ɗaya, a fili, ba tarkace a bayansa. Kuma ya zama abin da yaron zai ɗaga kai ya gani a tsakar gida: buta, ludayi, zakara, takalmi, A Daidaita Sahu. Ranar da ɗan wata goma sha huɗu ya dubi hoton buta, ya waiga ya nuna ta Baba da ke bakin rariya, ranar ya gano wani babban sirri, cewa abin da ke kan takarda yana tsaya wa abin da ke duniya. Hoton dusar ƙanƙara da na mutumin da aka gina da ita ba zai ba shi wannan damar ba. Zai san su daga baya, ba gaggawa.

Matsalarmu a nan sananniya ce: littattafan kwali na Hausa sun yi ƙaranci ƙwarai. Kamfanin Gaskiya da NNPC na Zariya sun daɗe suna buga wa mai karatun Hausa littattafai, daga Magana Jari Ce zuwa Ka Koyi Karatu, amma duk na wanda ya isa makaranta ne. Haka littattafan shirin RANA da aka fara a Katsina da Zamfara, da na Mu Karanta! a Bauchi da Sakkwato, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare aka yi wa su. Ɗan goye kam ba a tuna da shi ba. A intanet akwai sauƙi kaɗan: African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da labaran hoto da Hausa kyauta, ana iya saukewa a buga. Sai dai a tace, don wasu fassara ce da Hausarta ba ta zauna ba.

Amma rashin na Hausa bai kamata ya hana saye ba, saboda yaron ba rubutun yake karantawa ba. Littafin Turanci ko na Faransanci mai kyawawan hotuna ana iya yin hirarsa da Hausa tsantsa. Akwai Baby Goes to Market na Atinuke, marubuciya haifaffiyar Najeriya, wanda ya fito a 2017: jariri ne a goye a kasuwa, 'yan kasuwa na miƙa masa ayaba da lemo da cincin da masara, yana ci yana jefa saura a kwandon da ke kan uwarsa, ita ba ta sani ba. Wace uwa ce za ta rasa abin cewa a kan wannan, ko ba ta taɓa shiga aji ba? A Khayelitsha, wata unguwar talakawa a Cape Town, an koya wa iyaye mata na 'yan wata 14 zuwa 16 yadda za su zauna da yaro kan littafin hoto, su bi abin da ya nuna, su faɗi sunansa, su danganta shi da rayuwarsa. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna bayan mako takwas yaran sun fi takwarorinsu sanin kalmomi da tsayar da hankali. Abin da aka koya musu bai buƙaci iya karatu ba, don haka kaka ma na iya yinsa, haka yayar da ke reno.

Wanda kuɗi suka yi wa kaɗan, ko kasuwar garinsu ba ta da irin wannan kaya, yana iya haɗa nasa. A yanka kwalin taliya mai tsabta gida shida ko takwas, a zagaye kusurwoyi da almakashi, a wanko hotunan Baba da Umma da Kaka da tunkiyar gidan daga waya, a manna, a rufe da salatif mai faɗi, a huda gefe a ɗinke da zare mai ƙarfi gajere. Irin wannan sai da babba a kusa, don ba ya jure tauna kamar na kamfani. Tela ma na iya ɗinka na yadi da ragowar atamfa, in an hana shi sa maɓalli.

Akwai abin da ya shafi gidajen Musulmi musamman. Yanzu ana shigo da littattafan kwali masu ayoyi da addu'o'i, iyaye na saye da kyakkyawar niyya. Amma wanda zai tauna littafi, ya jefar da shi, ya zauna a kai da jiƙaƙƙen wando, ba shi ake danƙa wa ayar Alƙur'ani ba. Irin wannan ya zauna a sama, babba ya sauko da shi ya riƙe da kansa. Gidan da kuma ke ƙyamar hoton mai rai yana da zaɓi: littattafan motoci, 'ya'yan itatuwa, launuka da kayan gida suna nan.

Daga shekara ɗaya da rabi zuwa uku yaro ya fara bin labari, kuma wajen shekara biyu yakan iya buɗe shafi ɗaya-ɗaya maimakon ya kwashi uku a haɗe. Yanzu ana iya shigo da na takarda, mai ɗan kauri. A nemi labari gajere, jimla ɗaya ko biyu a shafi, game da abin da ya sani: wanka, cin abinci, ɓatan takalmi, zuwan ƙani. A nemi mai maimaici, inda magana ɗaya ke dawowa a kowane shafi har yaro ya riƙa rigan babba faɗinta, dabarar da masu tatsuniya suka daɗe da sani. Kafin ka biya, ka karanta shafi biyu a bayyane a nan cikin shagon. In ya gundure ka a karo na farko, ka tuna sai ka karanta shi sau ɗari. Domin yaro zai kawo shi yau, ya kawo shi gobe, ya ƙi sabon da aka sayo da tsada. Kada a hana shi. Jessica Horst ta Jami'ar Sussex ta gwada 'yan shekara uku a 2011, ta samu cewa waɗanda aka maimaita wa labari ɗaya sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka karanta wa labarai daban-daban masu ɗauke da kalmomin. Littafi huɗu ko biyar da yaro ke so sun wadatar da shi tsawon watanni, kuma maƙwabta na iya musanya.

Wani zai ce ai duk wannan akwai shi a waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini. A cikin wannan shawarar ta ambaci karatu da ba da labari tare da mai reno a matsayin abin da ya dace idan yaro na zaune. Labaran da aka sauko daga intanet gara a kai shagon buga takardu a fitar da su, a yi musu laminatin in da hali.

Littattafan da aka saya kuwa kada a kulle su a sif tare da kwanukan jere. A zuba su a kwando ko kwali a ƙasa, kusa da tabarmar da yaron ke wasa, inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Wanda ya yage a manne shi, wanda gefensa ya fara marmashewa a fitar da shi daga kwandon.