Raƙumin Dawa na Dabus: Abin da Dutse Ya Adana da Abin da Suna Ya Ɓoye

Wanda ya tashi a Korgom kamar ni, inda ƙasar duk rairayi ce da gonakin hatsi, ba ya saurin mantawa da ranar da ya fara tsayawa a kan duwatsun Dabus. Wurin yana arewa da Agadas, kusa da hanyar Arlit, a gefen tsaunukan Azbin. Iska da ruwa sun zaizaye duwatsun har sun bar su tsibi-tsibi, kuma a jikinsu akwai zane-zane sama da 800 na shanu da jiminu da mutane. Wanda ya fi shahara shi ne na raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan wani falalen dutse mai gangara. Babban ya kai mita 5.4. Daga bakin kowannensu wani layi ya sauko zuwa ga siffar wani ɗan mutum. Bafaranshe Christian Dupuy ne ya bayyana su ga masana a 1987, ko da yake Abzinawan yankin sun riga shi sani. Ƙiyasin da aka fi ambata ya ba zanen shekara 6,000 zuwa 8,000, lokacin da Sahara take da ciyayi da tafkuna.

Ga inda abin ya shafe mu ɗaliban harshe. Sunan da Bahaushe ya ba wannan dabba harɗaɗɗen suna ne: raƙumi da dawa. Wato ya kwatanta ta da wata dabba da ya ɗauka an riga an sani. Amma raƙumi baƙo ne a kan raƙumin dawa, don bai yaɗu a Sahara ba sai wajen shekara 2,000 da suka wuce. Masu nazarin zanen duwatsu ma suna sanya zamanin raƙumi a ƙarshe, tare da rubutun Tifinag. Ita kanta kalmar raƙumi ta aro ce daga harsunan Barbar: a Kabilanci ana cewa alɣem, inda l ta zama r, ɣ kuma ta zama ƙ a bakin Bahaushe. Daga Hausa ne Yarabanci ya karɓi ràkúnmí.

Sai dai a yi hattara, domin nan ne ɗalibi kan yi gaggawa. Wannan bai nuna cewa kakannin Hausawa ba su san raƙumin dawa ba kafin zuwan raƙumi. Abin da ya nuna kawai shi ne sunan da muke da shi yanzu bai girmi aron ba. Mai yiwuwa ne ya ture wata tsohuwar kalma, kamar yadda harɗaɗɗun sunaye kan yi. Tamajak kuwa tana da sunanta guda, amdaɣ. Girkawa da Rumawa sun bi hanya irin tamu, suka haɗa raƙumi da damisa, har yau sunan kimiyya yana ɗauke da camelopardalis.

In akwai wata tsohuwar kalma, wajen tsofaffin maharba da makiyaya za a neme ta, kuma su ba dutse ba ne da za su jira mu. Dabbar ta kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, sai ragowar garken Kure kusa da Yamai. A 2018 aka ɗauko guda 8 daga can zuwa gandun dajin Gadabeji a nan jihar Maradi, bayan shekaru da dama da ɓacewarsu daga yankin. Can nake son kai na'urar ɗaukar maganata a hutun nan.