Makarantar Da Kuɗin Baba Kaɗai Ba Ya Buɗe Ƙofarta

'Yan uwana mata, da yawanmu mun ɗauka makarantar kuɗi ai kuɗi ne kawai, Baba ya biya shi ke nan an shiga. To ba duka ba. Akwai waɗanda ko da buhun kuɗi aka je, sai yarinya ta ci jarrabawa tukuna. Loyola Jesuit College da ke Gidan Mangoro a Abuja, wadda aka buɗe a 1996, tana cikinsu, kuma daga ko'ina a Nijeriya ake rububinta.

Tankaɗe da rairaya ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun 1977 da gwamnati ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da jarrabawa ake shiga, haka ta 'yan mata da aka yi daga baya a Taura. Sai dai can, 'yar mai faci ma tana iya gwada sa'arta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yi wa wadda ba ta samu ba. Ƙanwata wata uku tana lesin Lissafi da Turanci saboda wata makarantar kuɗi, har Islamiyya aka dakatar mata. Sunanta bai fito ba. Allah sarki, kwana biyu ba ta ci abinci ba, ga abokiyar zaman Umma na habaici, wai ƙwaƙwalwar kifi! Alhali ita ke ɗaukar na ɗaya a ajinsu. Guraben ne kaɗan, masu nema ko kamar fari, dole a bar wasu hazikan a waje.