Yawon buɗe ido a Madatsar Ruwa ta Zobe

Madatsar Ruwa ta Zobe tana cikin ƙaramar hukumar Dutsin-Ma a jihar Katsina, Najeriya. An gina ta a kan kogin Karaduwa, aka kammala aikin a shekarar 1983, zamanin mulkin Shehu Shagari, domin samar da ruwan sha da noman rani. Ruwan da ta tare ya zama babban tafki, kuma garin Makera na daga cikin garuruwan da ke kusa da bakinsa. A shekarar 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin samar da ruwan sha daga madatsar.

Abubuwan gani

Masu ziyara kan zaga bakin tafkin a ƙafa, su kalli masunta a kwalekwale suna kamun karfasa da tarwaɗa, da lambunan noman rani da tsuntsayen bakin ruwa. Wasu kan haɗa da hawan duwatsun garin Dutsin-Ma, wanda aka ce ya samo sunansa daga wani maharbi mai suna Ma.

Lokacin ziyara

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanyoyi suka bushe, zafi kuma ya ragu. Sai dai daren hunturu na da sanyi sosai. Da bazara, wato daga Maris zuwa Mayu, rana kan yi tsanani. Da damina kuwa ruwa kan cika, hanyoyin ƙauye su yi taɓo, sauro ya yawaita.

Guzuri

Matafiyi na buƙatar ruwan sha mai tsabta, abinci mai jure zafi kamar ƙuli-ƙuli da dabino, takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da maciji, malafa, tocila da akwatin agajin gaggawa. Mai niyyar kwana zai ƙara da tanti, bargo da gidan sauro.

Lafiya da tsaro

Wanka ko iyo a ruwan tafki na iya jawo tsargiya, domin ƙwayar cutar tana fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fatar mutum. Shan ruwan ba tare da tafasawa ba ma yana da haɗari.

Babban abin lura shi ne tsaro. Ƙananan hukumomin Dutsin-Ma, Kurfi da Safana sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane, saboda kusancinsu da dajin Rugu. Don haka kafa tanti a daji ba shi da tabbas. Abin da ya fi shi ne a tafi cikin ayari da ɗan gari, a fara sanar da mai gari da jami'an tsaro, sannan a koma cikin gari kafin magariba.