Daga Madugu Zuwa Ɗantata: Shugabancin Kasuwanci a Tarihin Fatauci

Shirin na yau zai duba yadda fataken ƙasar Hausa suka tsara shugabancin harkarsu a ƙarni na 19, da kuma abin da ya faru da wannan tsari lokacin da hanyoyin ciniki suka sauya.

Babban fataucin wancan zamani shi ne na goro, wanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara da shi. Ayari, wato taron fatake da jakunansu da 'yan dakonsu masu tafiya tare don tsaro, yakan tashi daga Kano ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, har ya isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, wadda a yau take arewacin Gana, kuma zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa. Shugaban ayari shi ne madugu, wanda ake wa kirari da uban tafiya, amma bai taɓa riƙe ragamar komai shi kaɗai ba. Jagaba ke shiga gaba saboda sanin hanya da mashaya, uban dawaki ke tattara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan da za a ratsa ƙasarsu, malamin ayari kuwa shi ke rubutu da lissafi da addu'a. A zango, fatoma, wato mai masauki, shi ke ajiye kaya, ya haɗa baƙo da dillali, ya kuma tsaya wa mai karɓar bashi. Ƙarfin madugu ya dogara ne ga yardar fatake, domin kowane falke da dukiyarsa yake tafiya, kuma wanda ya jefa ayari cikin asara ta ganganci ba ya samun mabiya a tafiya ta gaba.

Wannan tsari ya fara girgiza bayan da sojan Ingila suka ci Kumasi a 1874, abin da ya raunana ikon Asante a kan Salaga, sannan yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa kasuwar. A cikin wannan yanayi ne Alhassan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara fatauci. Ya lura cewa goron da jaki ke kwashe watanni da shi a daji, yana bushewa yana ruɓewa, jirgin ruwa kan kai shi Ikko daga gaɓar Gana cikin 'yan kwanaki, saboda haka ya zama cikin fataken farko da suka koma wannan hanya.

Jarrabawa ta biyu ta zo da isowar layin dogo Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai jirgin ƙasa zai riƙa kwasa, amma manoma suka karkata ga gyaɗa domin ta fi tsada, kuma ana iya ci idan kasuwa ta faɗi. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba, alhali fataken goro sun gaji wannan sani tun kaka da kakanni. Ɗantata ya baza yaransa, wato wakilan da yake ba jari bisa amana, suna sayen gyaɗa a karkara, har ya zama babban mai sayo wa kamfanin Neja, daga baya kuma kamfanin UAC. Tarihi ya nuna cewa a 1929 ya ajiye kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 a reshen bankin Turawa na Kano, kuma da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Abin lura shi ne, Ɗantata ya bar jaki ya kama jirgi, ya ƙara gyaɗa a kan goro, amma rabon aiki da riƙon amana da ya gada daga ayari bai taɓa su ba, kuma su ne jarin da kamfanonin Turawa suka rasa har suka nemi hannunsa. Shugaban kasuwanci na yau, ko mai masana'anta ne ko mai shago a Kantin Kwari, yana bukatar ya bambance tsakanin hanyar da zamani kan sauya da amanar da harka ke tsayuwa a kanta. Wanda ya ƙanƙame tsohuwar hanya kasuwa za ta wuce shi, wanda kuma ya ci amanar yaransa da abokan cinikinsa ba zai samu mai bin ayarinsa ba.