Rumbunan Manhaja: Daga Wanne Za a Fara Ɗiba?

Manomin Dutsi idan damina ta gabato yakan nemi iri a wurare da dama. Wani ya ɗebo a rumbunsa, wani ya sayo a kasuwar Daura ko ta Mai'aduwa. Amma ya san inda zai fara dubawa, kuma ba ya cuɗa gero da maiwa don kurum sun yi kama. Irin wannan lura ake bukata wajen ɗora manhaja a kwamfuta, musamman ga mai nazarin halittu.

A shekarar 2017 masana a ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, wadda ke da tasha a Kano da kuma Sadore kusa da Yamai, suka fitar da jerin ƙwayoyin gadon gero. Bayani mai yawa irin wannan ya fi ƙarfin biro da takarda, sai manhaja. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su ita ce R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙago a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990.

R ba ta gama aiki ita kaɗai. Akan ƙara mata ƙananan manhajoji, wato ƙunsa, kuma kowane ƙunshi yana dogara da wasu, kamar yadda shaho ke dogara da ƙadangare, ƙadangare da fara, fara da ciyawa. Idan ɗaya ya ɓace, na samansa ya tsaya. Ana ajiye ƙunsan a rumbuna na intanet. Rumbun CRAN, wanda aka buɗe a 1997, yana da ƙunsa fiye da 20,000. Na Bioconductor, wanda aka fara a 2001 domin nazarin halittu, yana da fiye da 2,000, kuma da yawansu suna dogara da na CRAN. Saboda haka tilas a nuna wa kwamfuta adireshin rumbunan biyu.

To, a nan gizo ke saƙa. Idan ƙunsa biyu masu suna ɗaya suna rumbuna dabam-dabam, wanne kwamfuta za ta ɗauka? Wasu manhajojin ɗorawa sukan zaɓi wanda lambarsa ta fi girma, ba tare da duba asalinsa ba. A 2021 wani mai bincike, Alex Birsan, ya nuna haɗarin wannan. Ya zuba ƙunsa a rumbunan jama'a da sunayen waɗanda kamfanoni ke amfani da su a cikin gida, ya ba su manyan lambobi. Kwamfutocin kamfanoni fiye da 35, ciki har da Apple da Microsoft, suka ɗauko nasa da kansu. Shi gwaji ya yi ya kai rahoto; da mugu ne, da ɓarna ta auku.

Malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta na makaranta ya kiyaye abubuwa uku. Na farko, ya tsara rumbuna bisa fifiko; alal misali, masu rumbun Bioconda sun umarci a sa conda-forge a gaba da nasu. Na biyu, ya rubuta suna da lambar kowane ƙunshi, domin ɗalibin baɗi ya maimaita gwajin bana ya sami sakamako ɗaya. Na uku, inda intanet ke yankewa, ya adana ƙunsan da aka tantance a kwamfuta guda, sauran su riƙa ɗiba daga gare ta.