Filin Wasa da Zaɓen Makaranta a Ƙasar Baƙunci

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gaya ko Ajingi, inda yaro kan tashi daga makarantar allo ya tarar da dandali yana jiransa, inda kuma ake langa da kokawa da zarar an kau da amfanin gona, da wuya ya ɗauki filin wasa abin da ake tambaya, domin sakandaren gwamnati ta karkara, ko ta rasa kujeru da alli, ba ta rasa fegin da za a kafa sanduna a buga tamaula. Wannan sabo shi ke yaudarar da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da neman ilmi ko fatauci ya kai Amurka, a ranar da suka zauna zaɓa wa 'ya'yansu makaranta.

Makarantun da talaka ke shiga kyauta a can iri biyu ne. Akwai na gundumomi, waɗanda aka gada tun da daɗewa, akwai kuma na yarjejeniya, da ake kira cata, waɗanda gwamnati ke biyan kuɗinsu alhali ragamarsu tana hannun wata hukuma mai zaman kanta. Jihar Minnesota ce ta fara yi musu doka a 1991, Niyok ta bi sahu a 1998, yau kuwa ɗalibansu a faɗin ƙasar sun haura miliyan 3. Ba abin mamaki ba ne idan zuciyar Bahaushen unguwar Bronx ta birnin Niyok, ko daga Kano ya fito ko daga zangon Kumasi, ta karkata gare su, saboda da yawansu sun shahara da tsananta ladabi da tufafin bai ɗaya da tsawaita lokacin darasi, abubuwan da suka dace da abin da muka sani na tarbiyya. Sai dai galibinsu ƙanana ne, wasu a ginin haya suke, wasu suna raba bene ɗaya da wata makaranta, kuma makarantar da ba ta da fili ko isassun ɗalibai ba ta iya fitar da ƙungiyar ƙwallo.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa cutar ba ta tsaya ga makarantun cata ba. Birnin Niyok yana da hukumar wasannin makarantu tun 1903, amma da aka farfasa manyan sakandarorinsa zuwa ƙanana a zamanin magajin gari Bloomberg, sai yaran unguwannin talakawa da yawa suka wayi gari ba su da ƙungiyar shiga, har ta kai a 2018 aka yi ƙarar hukumar ilmi ta birnin bisa zargin tauye haƙƙin ɗalibai baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka.

Lamarin 'ya'ya mata ya fi taɓa mini rai. Wata dokar tarayya ta 1972 ta haramta nuna musu bambanci a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati, amma duk da haka, a 2020 an hana wata ɗaliba musulma ta wata makarantar cata a Nashville buga ƙwallon raga saboda hijabinta, bisa hujjar ba ta nemi izini a rubuce ba. Makarantar ta tsaya mata, kuma a 2021 ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin wasannin sakandare ta ƙasar ta janye wannan sharaɗi. Uwar da ke jin tsoron cewa wasa zai raba 'yarta da sutura, ya kamata wannan labari ya isa kunnenta.

Wani zai ce ai karatu aka je nema, wasa kuwa lagwu ne. Malamanmu ba su tafi a kan haka ba, domin Imamu Gazali, a cikin littafinsa Ihya'u, ya yi umarni a bar yaro ya yi wasa bayan tashi daga makaranta, yana mai gargaɗin cewa hana shi yana dushe basirarsa. Balle yaron da ke zaune a hawa na shida, wanda sanyin hunturu ke kulle shi a ɗaki wata da watanni, ba gona, ba kiwo, ba aike zuwa kasuwa. Irin wannan, in makaranta ba ta motsa jikinsa ba, waya ce za ta riƙe shi, ko kuwa titi. Ga shi kuma wasa a Amurka ƙofa ce ta samun tallafin karatun jami'a.

Akwai jihohi, kamar Ohio da Florida, da suka yarje wa ɗalibin cata ya buga wa makarantar gundumarsa wasan da tasa ba ta da shi, wasu jihohin kuwa ba su yarda ba, saboda haka wajibi ne uba ya bincika hukuncin jiharsa tun kafin ya sa sunan ɗansa a ƙuri'ar da makarantun cata kan yi don ɗaukar ɗalibai, kuma shugabannin masallatanmu na can su riƙa sanar da jama'a wannan a lokacin da ake cike takardun shiga makaranta.